Tambayi Bakanike: Giyar MG ta yi tauri, a sauke ta ko a fara duba wani abu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙun wannan karon duk na giyar tsofaffin motoci ne, ta farkon ita ce mai tsawo don haka ita na fi zama a kai.

TAMBAYA: Salam Baba Oga, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga Kofar Sauri nike rubutowa nan cikin birnin Katsina. Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi ya bar mana wata tsohuwar mota MGB ƙirar 1966, mai kujera biyu wadda ake buɗe samanta, da aka zo rabon gado ni na roƙi 'yan'uwa a bar mani ita. Inji ya tashi lafiya bayan an wanke kafireto an sa batir, giya ce dai ta hana ni sakat. In inji na kashe ko'ina na kai sanda tana shiga sumul, amma da an tada, ribas sai da ƙara ƙurrr, lamba ɗaya ma sai na sa ƙarfi. In ina tafiya na dawo daga ukku zuwa biyu nan ma sai ta yi gurnani, sannan akwai wani kuka da take yi a ɗaya da biyu da ukku, da na sa huɗu sai ya ɗauke ɗif. Bakaniken da ke duba mana motoci ya zuba mata man giya mai kauri 140 wai zai kashe ƙarar, sai ma ta ƙara tauri musamman da safe yanzu da ake sanyi. Yanzu ya ce a sauke giyabos ɗin a yar, a nemo na wata motar Japan a yanka a ɗaura. Ni kuma wlh raina bai kwanta ba. Dan Allah Baba mi ye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji ya sa Aljanna ce makoma, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka riƙe abin da ya bari. Na ji daɗi ƙwarai da ba ka bari an kai wa motar ga wuta da zarto ba, don in aka yanka ramin giya na MG, wato tudun tsakanin kujeru da giyabos ke ƙarƙashinshi, an gama da asalinta ke nan, ko daga baya ka samu kuɗi ka so maido ta yadda take ba za ta dawo ba.

Abin da ka lissafa mani ba ciwo ɗaya ba ne, ni huɗu na ƙirga, kuma biyu daga ciki, mai da kuloci, ba ma lalacewar giyabos ba ce, shi ya sa nike cewa kar a kwance ko noti ɗaya tukuna. Ana iya sauke giya a canza mata komi sabo fil a maida, ka tada mota ka ji ribas na nan tana ƙurrr ɗinta, saboda tun farko kuloci ne bai saki.

Amma fara sanin motarka. MGB a garin Abingdon na Ingila aka riƙa ƙera ta daga 1962 har 1980, an yi fiye da rabin miliyan, injinta siisii 1798 ne. Waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967, irin taka ke nan, giyarsu zoben sinkuro ukku gare ta, wato zoben da ke daidaita gudu don giya ta shiga ba ƙara, na lamba biyu da ukku da huɗu. Lamba ɗaya ba ta da shi, ribas ma ba ta da shi. Daga ƙarshen 1967 ne suka sake giyabos ɗin suka sa wa duka huɗun. To ka ga in mota na gangarawa ko da a hankali ne ka ce sai ka cusa ɗaya dole ta yi ƙara, haka aka yi ta, sai ta tsaya cak ake sa mata ɗaya, kuma ɗan kukan da lamba ɗaya ke yi ita kaɗai shi ma na asali ne don haƙoranta miƙaƙƙu ne ba karkatattu ba. Wanda ya saba da motocin yanzu sai ya ɗauka lalacewa ce.

Mai na farko. Wancan 140 ɗin a juye shi yau ɗin nan. MG baƙin man inji suka ce a sa wa giyar MGB, 20W-50, irin wanda ke cikin injin, wajen lita biyu da rabi take sha in ba mai obadiraib ba ce. Na san makanikai da yawa za su ji abin banbaraƙwai, an saba giya sai mai mai kauri mai warin nan, amma aikin zoben sinkuro shi ne ya matse man da ke tsakaninshi da giya ya kama ƙarfen, to in man ya yi kauri kuma ga sanyin asuba na hunturun Katsina, kafin zobe ya tsaga shi ya kama kai ka riga ka tura sanda, sai gurnani. Ban da haka man giya mai lamba GL-5 an yi shi ne don haƙoran difaranshal, yana da santsi da sinadarai da ba su jituwa da zoben tagulla. In taka mai obadiraib ce, wato akwai wani makunni da in ka taɓa a ukku ko huɗu inji ke sassautawa, to mai mai kauri ya fi cutar da ita ma don da matsin man take aiki. Ka ɗan zaga da motar man ya yi ɗumi sannan a kwance, a tare shi a roba mai tsabta, kar a bari ya zube ƙasa don shi ne zai fara ba mu labarin cikin. Ka kai shi rana ka duba, ka zaga mayen ƙarfe a ciki. Ɗan ƙyalƙyalin tagulla kaɗan ba abin tashin hankali ba ne a giyar da ta kai wannan shekaru, amma in ka ga guntun haƙori ko wasu 'yan siraran ƙarafa masu kama da tsinken allura to wannan boris ɗin ciki ne ya watse, daga nan kar a ƙara tuƙa ta. Wajen auna man yana cikin mota, ka ɗaga kafet ta gaban sandar giya za ka ga wata roba a jikin ramin, ƙarƙashinta ma'aunin yake.

Sai kuloci, kuma ni nan na fi zargi. Kai da bakinka ka ce in inji na kashe tana shiga ko'ina, in an tada ne take gardama, wannan kusan kullum yana nufin ka taka kuloci amma faifan bai rabu da filawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, gaba ɗaya ba, yana ci gaba da juya shaf ɗin giya. Gwajin ba ya cin ko sisi. Tada inji a firi, taka kuloci har ƙasa, ƙirga biyar a ranka, sannan ka nufi ribas a hankali. In ta shiga shiru kuloci na saki. In ta yi ƙara, sa huɗu tukuna ka tsaida shaf ɗin, dawo firi ƙafarka na ƙasa ba ka ɗaga ba, sake ƙirga biyar ka nufi ribas, in har yanzu da ƙara to wani abu na sake juya shaf ɗin kuma ba komi ba ne sai kuloci mai ja. Sannan ka gwada bubbuga fedar sau da yawa da sauri kafin ka sa giya, in ka ji ta fi shiga to iska ce a layin mai ko robobin kulocin sama (famfon da feda ke turawa) ko na ƙasa (wanda ke jikin giyabos) sun mutu.

Kulocin MGB da man birki yake aiki, kuma man birki yana shan ruwa in ya daɗe, motar da aka aje shekaru za ka tarar man ya koma baƙi robobin sun narke. A sa mutum ɗaya ya taka, ɗaya ya leƙa ƙasa ya auna tafiyar sandar kulocin ƙasa, ya kamata ta yi kusan rabin inci, milimita 10 zuwa 13 haka. In ba ta kai ba kar a je ko'ina, nan aikin yake. A duba 'yar tiyon roba da ke kai mai ga kulocin ƙasa, tana kumbura ta ciki alhali waje lafiya lau. A duba fil ɗin da ya haɗa feda da kulocin sama da wanda ya haɗa na ƙasa da hannun kuloci, suna cinyewa ramin ya koma kamar ƙwai, milimita biyu da ka rasa a nan ta isa ta hana faifai saki. In za a fitar da iska a tabbata notin fitar da iskar a ramin sama yake, in yana ƙasa za a kwana ana bugawa iska na maƙale a sama. Kuma dan Allah kar a yarda da dabarar nan ta yi wa sandar waldi a ƙara mata tsawo, ba ta ƙara tafiyar komi, ɓoye ciwon kawai take.

In sandar na tafiya daidai amma kuloci bai daina ja ba to abin na ciki, ko faifan ya lanƙwashe, ko ya yi tsatsa a kan haƙoran shaf ba ya zamewa, ko mai ya zubo mashi daga oyil sil ya yi danƙo, ko ɗan bushin tagulla da ke cikin gindin karanshaf ya bushe ya kama bakin shaf ɗin giya. Akwai kuma rilis boris, na MGB ba mai ƙwallaye ba ne, gawayi ne, cinyewa yake a hankali duk lokacin da ƙafa ke kan feda. Shi ya sa in ka tsaya a cunkoson Kofar Kaura ko wajen babbar kasuwa ka maida ta firi ka ɗauke ƙafa, kar ka zauna kana danne da kuloci.

Ka leƙa gindin sandar giyar ma tunda abu ne mai sauƙi, akwai ɗan bushin roba a ƙasanta da ke farfashewa, da kujerun inji da na giya in sun zube. Amma tunda taka na shiga lafiya in inji na kashe ban sa ran matsala a nan.

Yanzu ciwo biyun da nike ganin da gaske na cikin giyabos ne. Na farko gurnanin lamba biyu. Ka san yaron mota in zai ɗafe motar da ta riga ta tashi sai ya bi ta da gudu har gudunshi ya zo daidai da nata sannan ya kama, to aikin zoben sinkuro ke nan, ya daidaita gudun giyar da za ka shiga da na shaf kafin haƙora su haɗu. Lamba biyu ta fi kowace shan wahala don kowace kwana da kowane tudun hanya ita ake nema, kuma a wannan giyabos ɗin mai zobe ukku an san ta da saurin gajiya. Bayan ka canza mai ka gyara kuloci sai ka gwada dabul kuloci irin na tsofaffin direbobin roka, daga ukku ka taka ka sa firi, ka saki kuloci, ka ɗan taɓa totur, ka sake takawa ka sa biyu. In ta haka tana shiga shiru amma kai tsaye tana ƙara, zoben ya ƙare, ba makawa. Sai dai wannan ba ya hana tafiya, mutum na iya shekara yana dabul kuloci bai ɓata komi ba in hannunshi na da taushi.

Na biyun shi ya fi damuna, kukan da ke ɗaukewa a huɗu. A lamba huɗu ƙarfin inji miƙewa yake kai tsaye daga shaf ɗin gaba zuwa na baya, amma a ɗaya da biyu da ukku sai ya sauka ta kan wata doguwar giya mai haƙora jere da ke kwance a ƙasan akwatin, tana juyawa a kan sandarta bisa siraran boris. In sandar nan ta cinye ko boris ɗin sun gaji sai ka ji kuka a duk giyar da ke bi ta nan, a huɗu kuma shiru don ba kaya a kanta. Wannan sanannen ciwon MGB na farko-farko ne, har kamfanin ya ƙara wa sandar kauri ya ƙara yawan boris ɗin daga baya. Kaurin mai ba ya maganinshi, kuma in aka bari doguwar giyar ta fara rawa sai ta ci haƙoran sauran, abin da za a gyara da sanda da boris ya koma sai an sayi giyoyi. Don haka in ka canza mai kukan na nan, eh za a sauke, amma a sauke don a gyara ba don a yar ba.

A MGB inji da giya tare ake zaro su ta sama da sarƙar ɗaga inji, ba a jawo giyar ita kaɗai ta ƙasa kamar yadda aka saba a wasu motoci. Kafin nan a cire batir, kuma a kula, taka ta 1966 in ba wani ya canza ba batir biyu ne masu bolt shida-shida a bayan kujeru, kuma fozitib ne ke jikin bodi ba negatib ba, mai gyaran waya in bai sani ba zai ƙona maka abubuwa. Notukanta na inci ne, a nemo sifana 7/16 da 1/2 da 9/16, in aka yi ta sa mata 13 a wajen rabin inci kawunan notukan za su mulmule.

Wajen buɗewa abin da nike roƙo shi ne tsabta da haƙuri. Ba a buɗe giya a ƙasa cikin ƙurar hunturu, a samu tebur a cikin ɗaki a shimfiɗa kwali, duk abin da aka zare a jera shi yadda ya fito, gaba na kallon gaba, kai kuma ka tsaya da wayarka kana ɗaukar hoto kowane mataki, washa ɗaya in ta juya baya ta isa ta sa a sake saukewa. A fara buɗe murfin gefe a kalli cokulan silekta, masu tura giya in ka motsa sanda, da haƙora kafin a taɓa komi. Cibiyar da zoben waje, wanda cokali ke turawa ya kama giya, ke zamewa a kanta tana da 'yan ƙwallaye ukku da sifirin ukku a ciki, in aka zare ta a fili tsalle suke su ɓace, a sa ta cikin leda ko a naɗe da tsumma sannan a zare. A wanke komi da kananzir a busar.

Sai awo, kuma nan ne ake gane bakaniken giya. Kowane zobe a ɗora shi kan mazaunin shi a danna a murɗa da hannu, mai rai zai kama ya ƙi juyawa kuma za ka ga rata tsakaninshi da ƙananan haƙoran giyar, wanda ya mutu zai zame ya zauna har ƙasa ba rata. A kalli ƙananan haƙoran su kansu, ya kamata bakinsu ya zama da tsini, in sun daƙushe sun yi kumbu sabon zobe kaɗai ba zai hana ƙara ba. A lamba biyu akwai tarko, na farko zoben tagulla ne, daga baya suka koma zoben ƙarfe da giyar da aka yi wa wani shafi na musamman a mazaunin zoben, ba a haɗa zoben wannan da giyar wancan, don haka a ga abin da ke ciki tukuna kafin a yi oda. Sandar doguwar giyar ƙasa a bi ta da farce, in farce ya ji gargada ko rami inda boris ke bi ta tafi, a canza ta tare da boris ɗin duka, a leƙa cikin ramin giyar ma da tocila don in can ya ɓaci sabuwar sanda ba za ta daɗe ba. Wasan da doguwar giyar ke yi gaba da baya ana auna shi da fila geji, 0.05 zuwa 0.08 na milimita ake so, da washa masu kauri daban-daban ake daidaita shi, haka murfin gaba ma da 'yan siraran washa ake saita shi ya danne boris daidai. Ba abin da ake yi da ido ko da "ai ya yi" a nan. A nemi littafin gyaran motar a bi lambobin da ke ciki. Cokulan silekta a duba inda suke gogar zobe, da sifirin da ƙwallayen da ke riƙe sandunansu. Manyan boris biyu, oyil sil na gaba da na baya, da gasket duka sabbi, kuma kar a cika gam, wanda ya matso ta ciki yawo zai yi cikin mai.

Tunda inji na ƙasa a canza kuloci gaba ɗaya, faifai da dis da gawayin, ko da tsohon na da sauran rai, don ba ka son sake zaro inji saboda abu ɗaya. Sabon bushin karanshaf a jiƙa shi cikin baƙin mai ya kwana kafin a buga. Faifan na da gefen da aka rubuta na filawil ne, a duba. Giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf, ba cika ba. Kafin a maida giyar cikin mota a sa sanda a kan tebur a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ana juya shaf da hannu, har ribas.

Kaya kuwa kar ka wahalar da kanka a kasuwa, da wuya ka samu na MG a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, in ban da manyan boris da oyil sil da wani lokaci ake dacewa in an je da lamba ko da tsohon a hannu. Amma a Ingila har gobe ana yin kusan komi na MGB sabo, irin su Moss Europe da MG Owners' Club suna saidawa ta intanet, kuma zobba da sanda da boris da gasket duka ba su fi ƙaramin kwali ba, ko ɗan'uwa mai dawowa zai iya riƙo maka. Ka aika masu lambar inji da ta giyabos da hotuna. Ko giyar MGB ta bayan 1967 ma ba ta shiga taka haka nan sai an taɓa rami an canza filawil da kik, balle ta wata mota daban. Bakanikenku kuma kar ka yi faɗa da shi, ka nuna mashi wannan shafi, in ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan awonshi ku nemi dattijon da ya yi zamanin Fijo 404 da Landiroba, hannunsu ya san irin wannan giya.

In mai obadiraib ce ka tabbata makunnin da ke hana shi aiki a ribas na da lafiya kafin ka fita, ja da baya da obadiraib a kunne yana fasa shi.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni dattijo ne a Daura, ina da Peugeot 504 Coupé mai ƙofa biyu, mai silinda huɗu. Kwanan nan in ina lamba ukku na ɗaga ƙafa daga totur sai sanda ta fita da kanta ta koma firi, ranar ma a hanyar Mashi ta yi mani haka ina shirin wuce wata babbar mota. Yara sun ce a ɗauko giyar 504 ta gida a ɗaura tunda duk ɗaya ne. Haka ne?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, kuma Allah ya tsare gaba. Mota ce mai daraja kake riƙe da ita, Pininfarina na Italiya ne suka zana jikinta, an fara nuna ta a 1969, kuma ba ta cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, shi ya sa ba ta da yawa a ƙasar nan. Roƙona na farko a daina hawa babbar hanya da ita har a gyara, giya mai fita lokacin wuce mota ba abin wasa ba ne, kuma riƙe sandar da hannu cinye cokalin silekta yake.

A fara da waje. Kujerun inji in sun mutu, inji na tsalle gaba da baya duk lokacin da aka taka ko aka saki totur, sai ya fizge giyar. Robar da ta rufe gindin sanda in ta bushe ta yi tauri ita ma tana jan sanda baya, a cire ta a zaga a gani. Sai bushin da sandunan da suka haɗa sanda da giyabos, in sun yi sako-sako giya ba ta shiga har ƙarshe, rabi take kamawa. In duk waɗannan lafiya to ciki ne, sifirin da ƙwallon da ke riƙe sandar silekta sun yi laushi, ko cokalin ya cinye, ko ƙananan haƙoran lamba ukku sun daƙushe har suna turo zoben waje.

Maganar yara akwai ƙamshin gaskiya, mai silinda huɗu giyabos ɗinta dangin BA7 ne irin na 504 da muka sani, don haka kayan ciki ba za su yi wuya ba kuma makanikan da suka san shi suna nan da yawa tsakanin Daura da Katsina da Kano. Amma ni ba zan ɗaura wata ɗungurungum ba. A sayi ta gidan a matsayin ta cire kaya, a buɗe biyun gefe da gefe, a ƙirga haƙora a gwada kafin a ɗauki komi, a bar maka akwatinka na asali da hanyar sandarshi, don 504 da yawa a sitiyari giyarsu take.

TAMBAYA: Oga ina gaisuwa, ni yaron gareji ne a Kofar Kwaya. An kawo mana Datsun 240Z da ta daɗe a aje, feda na takuwa daidai, mun fitar da iska, sandar ƙasa na tafiya, amma in inji na aiki ko giya ɗaya ba ta shiga. Ogana ya yi tafiya, mi zan yi?

AMSA: Yawwa ƙanena, ka yi kyau da ka auna kafin ka kwance. Faifan kuloci ne ya manne da filawil saboda tsatsa, damina ɗaya ta isa ta yi haka ga motar da ba a motsawa. Fara tabbatar da birki na kamawa sosai, wannan dole ne. Ku tura ta fili inda ba mutane ba yara ba bango a gaba, ka bar inji ya yi zafi a firi, ka kashe, ka sa lamba ɗaya, ka taka kuloci har ƙasa ka riƙe sannan ka tada, motar za ta zabura ta fara tafiya don haka ka shirya. Ƙafarka na kan kuloci ka riƙa ba ta totur kana saki, ka ɗan taɓa birki, yawanci za ka ji ƙas inji ya sake, ya rabu ke nan. In ka gwada kaɗan ya ƙi ka haƙura kar ka karya wani abu, jira oganka ku sauke, ita Datsun giyarta ta ƙasa take fita ba sai an zaro inji ba. Kuma kar ka ɗauki maganar baƙin mai da na yi wa mai MG ka kai kanta, ita man giya take sha, GL-4 mai lamba 80 ko 90.